Tokumbo Mai Batir: Haibirid, Mai Igiyar Caji, Ko Lantarki Zalla?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, hirar mota ta canja salo a majalisarmu. Da can sanyin AC da kujerun fata ake tambaya. Yanzu kafin a duba fenti an riga an tambayi lita nawa za ta sha daga Kano zuwa Zariya. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000.

Kwanakin baya wani ƙanena, ma'aikaci a nan Kano, ya turo min hotunan motoci uku da dillali ya aiko masa: Toyota Camry Hybrid ta 2016, Prius Prime ta 2017, da Nissan Leaf ta 2018. Ya ce, "Yaya, abin da ya ɗaure min kai, Leaf ɗin ce ta fi sabunta, ita ce ba ta shan mai ko ɗigo, kuma ita ce ta fi araha. Anya babu lauje cikin naɗi?" Na ce masa dillalin bai yi ƙarya ba. Arahar gaskiya ce, amma tana da dalili, kuma dalilin zai biyo shi har ranar da zai tashi sayarwa.

Motocin nan uku iri uku ne. Haibirid tana da injin fetur da ƙaramin batir, ita take cajin kanta da inji da kuma taka birki, ba a jona ta da wuta. Mai igiyar caji haibirid ce da aka ƙara wa batir girma, kana jona ta a gida ta yi maka zirga-zirgar gari da wuta, in batir ya ƙare inji ya karɓa. Ta lantarki zalla kuwa ba inji, ba tanki, ba salansa. In caji ya ƙare, tafiya ta ƙare.

Abin da za a auna

Abu biyar nake dubawa. Kuɗin da za ka kashe har motar ta tsaya a ƙofar gidanka, da kuɗin jirgi da na fito da la'adar dillali. Abin da zai dawo aljihunka ranar sayarwa. Lafiyar batir. Abin da take ci a kowane kilomita 100, da inda za ka samo shi. Sai kuma wanda zai gyara ta ranar da ta tsaya.

Na biyun shi ne mutanenmu suka fi raina wa, kuma shi ne ya fi cin kuɗi. Dalilin rainin a fili yake: a Nijeriya mota kamar ba ta faɗuwa. Mutum ya sayi mota naira miliyan 7.5 a farkon 2023, ya sayar miliyan 11 a ƙarshen 2024, yana murna ya hau kyauta har da riba. To, mu yi lissafin da dala, tunda da dala ake shigo da ita. Lokacin da ya saya dala tana wajen naira 750 a kasuwar canji, wato ya biya dala 10,000. Lokacin da ya sayar dala ta wuce 1,600, wato bai karɓi ko dala 7,000 ba. Motar ta faɗi, nairar ce ta riga ta kaiwa ƙasa. Zai gane haka ranar da ya je neman madadinta. Don haka duk inda na ce daraja a nan, da dala nake nufi.

Dalilin da motar lantarki ke karyewa

Yawancin tokumbonmu daga Amurka take zuwa, farashin can shi ne uwar farashin nan. Kamfanin iSeeCars, mai bin diddigin cinikin motocin hannu a Amurka, ya fitar da lissafi a 2023 cewa motar lantarki tana zubar da kashi 49.1 cikin 100 na kuɗinta a shekara biyar, haibirid kuma kashi 37.4. Da suka sake lissafin a 2025, ta lantarki ta kai kashi 58.8, haibirid tana kashi 40.7, alhali matsakaicin dukkan motoci kashi 45.6 ne. Ka ga haibirid ta fi motar fetur riƙe daraja, ta lantarki kuma ta fi kowace zubarwa. A motar da aka saya sabuwa dala 40,000, bayan shekara biyar haibirid tana wajen 23,700, ta lantarki tana wajen 16,500.

Ba lalacewa ce ta jawo haka ba, galibi sababbin ne suke danne tsofaffin. A watan Janairun 2023 Tesla ta zabtare farashin sababbin motocinta a Amurka, Model Y mai dogon zango ta sauko daga dala 65,990 zuwa 52,990 a dare ɗaya. Duk wanda ke da ta hannu ya wayi gari ya yi asarar da bai ji ba bai gani ba. Kamfanin hayar motoci na Hertz, wanda ya yi shelar sayen Tesla 100,000 a 2021, ya sanar a Janairun 2024 cewa zai sayar da motocin lantarki kusan 20,000 saboda tsadar gyara da faɗuwar daraja, suka cika kasuwa. Ga rangwamen haraji na har dala 7,500 da gwamnatin Amurka take ba mai sayen sabuwa, wanda sai ƙarshen Satumban 2025 aka tsayar da shi: wa zai biya ta hannu da tsada alhali sabuwa tana da ragi? Sannan shi kansa batir galibi araha yake ƙarawa. A 2010 kuɗin batir mai ɗaukar yunit ɗaya na wuta, irin yunit ɗin mitar gida, ya haura dala 1,000, a 2024 ya sauko wajen dala 115. Kowace shekara sabuwar mota tana zuwa da zango mai tsawo a kuɗi kaɗan, tsohuwa tana komawa kamar wayar hannu ta bara.

Ga mai saye, wannan albishir ne, domin wani ya riga ya ɗauke maka rabin asarar. Matsalar ita ce karyewar ba ta tsayawa a tashar jirgin ruwa. A Amurka tsohuwar Leaf tana da masu nema ko da a wulaƙance ne. A Kano, ranar da ka kai ta wurin dillalai, mutum nawa ne za su taya?

Haibirid

Toyota ta fara sayar da Prius a Japan tun 1997, Camry Hybrid kuma tun ƙirar 2007. Fasahar ta tsufa, an san halinta, shi ya sa kasuwa ta yarda da ita. Za ka biya fiye da kuɗin takwararta ta fetur, amma wani kaso na ƙarin zai dawo maka ranar sayarwa, kuma tun da mai ya yi tsada masu nemanta ƙaruwa suke.

A awon hukumomin Amurka, Prius ta 2010 zuwa 2015 tana shan lita 4.7 a kilomita 100. Camry Hybrid ta 2012 zuwa 2017 tana shan wajen lita 5.9, Camry ta fetur ta shekarun kuma lita 8.4. A titinmu da AC a kunne duk za su ɗara haka, amma tazarar tana nan, har ma tana ƙaruwa a cunkoso, domin a nan ne injin haibirid yake kashe kansa yana barin batir ya ja. Mu ɗauka lita naira 900 ce, kuma kana yin kilomita 15,000 a shekara. Bambancin Camry biyun lita 375 ne, wajen naira 337,500 ke nan a shekara. Da wannan za ka auna ko ƙarin da dillali ya ɗora ya dace.

Batirin Prius ta wancan zamani ƙarami ne, bai kai yunit ɗaya da rabi ba, kuma ɓallaye 28 ne aka jera. Wannan shi ne rufin asirinsa: ana samun na hannu, ana iya canja shi gaba ɗaya ba tare da an sayar da gona ba. Shi ne kuma tarkonsa. Wasu masu gyara suna cire ɓalle ɗaya da ya mutu su sa wani, fitilar gargaɗi ta ɗauke, a sayar maka. Bayan wata uku maƙwabcinsa ya bi shi. Kada ka biya kafin a jona na'urar bincike, a buɗe manhaja irin Dr. Prius, a hau titi da motar ana kallon yadda ɓallayen ke sauka tare ko wani yana riga 'yan'uwansa.

Abin da ya fi kashe batirin nan a ƙasarmu zafi ne da ƙura, kuma na gani a tawa motar. Shekarar da na sayi Prius, bayan hunturun farko na lura inji ba ya hutawa, mai yana tafiya kamar na kowace mota, ga wani gurnani daga gefen kujerar baya. Wani bakanike ya ce batir ya mutu, in shirya kuɗi. Na kai wa wani yaro ɗan rewaya, bai ce komai ba, ya ɗaga kujerar baya ya kwance fankar da ke hura wa batir iska. Fukafukanta sun toshe da jar ƙura da zaren darduma, ta zama kamar sheƙar tsuntsu. Ya wanke da buroshin goge baki, ya mayar. Ya ce, "Oga, duk hunturu ka kawo a share, kuma kar yara su riƙa toshe ramin nan da jaka." Batirin nan ya ƙara min shekaru.

Sauran abin lura: Prius ta 2010 zuwa 2015 an san ta da shan baƙin mai da ƙonewar gasket in ta yi nisan zango ba a share bututun da ke mayar da hayaƙi cikin inji ba. Kwamfiresan AC ɗinta na lantarki ne, yana da nasa mai na musamman, in mai gyaran AC ya zuba na motocin yau da kullum zai iya jawo babbar ɓarna. Wayoyin batirinta masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wuta mai kisa, ba na kowane yaron gareji ba ne. Kuma Prius ƙasa-ƙasa take, ba ta son hanyar ƙauye da damina. Kayan ƙafa da na jikin Camry Hybrid kuwa da yawansu ɗaya ne da na Camry ta fetur, ana samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka.

Mai igiyar caji

A takarda ita ce ta haɗa alheri biyu. Prius Prime ta 2017 zuwa 2022 tana da batir mai yunit 8.8, yana kai ta wajen kilomita 40 da wuta zalla, bayan nan ta koma Prius sak. Chevrolet Volt ta 2016 zuwa 2019 tana kai kilomita 85. Volt tana da wata alaƙa da mu, domin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, da zanen siffarta ya yi suna a General Motors. Sai dai an daina ƙera ta a 2019, kayan gyaranta kuma sai an yi oda. Ina son motar, amma ba zan ba ƙanena shawarar sayenta ba.

Faɗuwar darajar wannan rukuni tana tsakiya. Haɗarinta shi ne kana kula da inji kuma kana kula da babban batir, kuma in ba ka jona ta kullum, ka biya kuɗin batirin da kake yawo da shi a banza. Cikinsu Prius Prime ce kawai nake iya kwana da hankali a kanta, saboda ko NEPA ta yi wata ba ta kawo wuta ba, kana da mota mai tsimin mai.

Lantarki zalla

A nan ba mota kake saye ba, batir kake saye da tayoyi a ƙarƙashinsa. Ba baƙin mai, ba fulogi, ba bel, birki ma yana daɗewa. Amma batirin shi kaɗai yana iya fin kuɗin tsohuwar motar, kuma garantin shekara takwas da kamfanoni ke bayarwa a Amurka ba zai amfane ka a nan ba, balle in motar gwanjon haɗari ce.

Nissan Leaf ita ce ta fi araha, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro a Arewa. Daga fitowarta a 2010 har ƙirar da aka fara a 2018, batirinta ba shi da ruwan sanyaya, iskar gari kawai ya dogara da ita. Tun 2012 masu ita a Arizona, jihar hamada a Amurka, suka yi ta ƙorafin batir yana zubewa da wuri saboda zafi. Ka tuna watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ma'auni yana haura 40. Leaf ta farko mai yunit 24 ba ta kai kilomita 140 ba tana sabuwa. Ta 2018 mai yunit 40 tana yin wajen 240. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne, ka ga ko tana sabuwa da ƙyar ne, balle bayan shekaru. A allon gabanta akwai sanduna 12 na lafiyar batir, sanda ta farko tana ɓacewa ne bayan an rasa wajen kashi 15 cikin 100. Wani maƙwabcinmu ya sayi mai sanduna takwas, motar fes kamar amarya. Daga gida zuwa ofis zuwa makarantar yara tana yi masa. Ranar da aka yi rasuwa a garinsu, motar haya ya hau. Da ya sa ta a kasuwa, wata biyar tana ƙofar gida, masu zuwa kallo sun fi masu tayi. Sandunan ma ana iya yi musu dabara, don haka a duba da manhajar LeafSpy.

Chevrolet Bolt, Hyundai Kona da Tesla Model 3 duk ruwa ke sanyaya batirinsu, sun fi jure zafi, zangonsu kuma ya fi. Bolt tana da wani sirri: an yi kiranyen dukkan ƙirar 2017 zuwa 2022 saboda haɗarin gobara, kuma da yawa an sa musu sabon batir kyauta. Wadda aka canja wa, da shaida a lambar jikinta, ciniki ne mai kyau. Wadda ba a canja wa ba, kada ka kwana da ita kusa da ɗakin yara. Kona kuwa an taɓa haɗa ta a Legas, aka ƙaddamar a ƙarshen 2020. Tesla tana da daɗin tuƙi, amma kamfanin ba shi da wurin gyara a Nijeriya, ƙaramin karo sai ya ajiye ta watanni ana jiran kaya.

Yanzu ga lissafin da ke ba mutane mamaki. Leaf tana cin wajen yunit 19 na mita a kilomita 100. A farashin layin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, naira 209.5 kowane yunit kamar yadda aka sa a Yulin 2024, wajen naira 4,000 ke nan. Prius, in lita naira 900 ce, tana cin wajen 4,230. Tazarar ba ta kai naira 40,000 a shekara ba. In kuwa da janareton fetur za ka yi caji, wanda lita ɗaya ba ta ba da fiye da yunit biyu, za ka ƙona lita goma, ka fi mai Camry ta fetur kashe kuɗi. Ribar motar lantarki tana kan rufin gida ne. Mai yin kilomita 50 a rana yana buƙatar yunit goma, abin da faifan sola biyar zuwa shida masu wat 550 za su iya bayarwa a ranar Arewa, muddin motar tana gida da rana ko akwai batirin gida mai ɗauka. Shi ne zai tsira da fiye da naira 600,000 a shekara in an gwada da Prius.

Wuraren caji na hanya har yanzu a yatsa ake ƙirga su. Hukumar NADDC mai kula da ƙira da bunƙasa motoci a Nijeriya, lokacin Jelani Aliyu yana shugabanta, ta buɗe na sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, amma wannan ba zai kai ka Abuja daga Kano ba. Bakin caji ma ba ɗaya ba ne: na Leaf daban, na motocin Amurka daban, na motocin Sin daban. Kuma wasu igiyoyin da ke zuwa da motocin Amurka na wuta 120 ne, tamu 230 ce, in ka jona sai hayaƙi.

Gargaɗi ɗaya ya shafi duka ukun, amma ya fi tsanani a nan: motar ambaliya. Bayan kowace guguwa a Amurka gwanjo yana cika da motocin da ruwa ya shanye. Ruwan gishiri in ya shiga batir, yana iya tashin gobara bayan makonni. Sayen irin wannan daga hoto cinikin biri a sama ne. A binciki tarihin lambar jikinta kafin a tura ko sisi.

| Ma'auni | Haibirid | Mai igiyar caji | Lantarki zalla |
|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Sama da ta fetur | Sama da haibirid | Araha ga shekarunta |
| Faɗuwa a shekara 5, Amurka, 2025 | Kashi 40.7 | Tsakanin biyun | Kashi 58.8 |
| Sayarwa a Arewa | Da sauri | Sai an jira | Da wuya |
| Cin kilomita 100 | Naira 4,200 zuwa 5,300 | Kusa da Prius, ƙasa in da sola | Naira 4,000 a Band A, 9,000 a janareto |
| In batir ya mutu | Ana samu, ana iya biya | Tsada, sai oda | Yana iya fin kuɗin motar |
| Mai gyara | Akwai a manyan birane | Kaɗan | Ƙalilan ƙwarai |
| Doguwar tafiya | Ba matsala | Ba matsala | Sai da shiri |

Wa ya dace da wace?

Mai mota ɗaya tak, wadda ita ce ta ofis, ita ce ta asibiti da tsakar dare, ita ce ta zuwa gida da Sallah, haibirid ta Toyota ce tasa. Haka mai kabu-kabu, haka wanda ya saba canja mota duk bayan shekara biyu ko uku, domin shi faɗuwar daraja ce babban kashinsa, ba mai ba.

Mai gidan kansa da ya riga ya sa sola mai ƙarfi, yana da wata motar ta tafiya, kuma ya yi niyyar hawa har ta tsufa a hannunsa, shi ne karyewar farashin motar lantarki take yi wa aiki. Wani ya biya rabin kuɗin, shi kuma ba sayarwa zai yi ba balle kasuwa ta ba shi haushi. Ya nemi mai ruwan sanyaya batir. Leaf sai in arahar ta kai inda ko ya rasa mai saye ba zai ji ciwo ba, kuma tana da inuwar kwana da ta yini. Hajiyar da zirga-zirgarta ba ta wuce makaranta da kasuwa da gidan 'yan'uwa ba, irin wannan motar tana yi mata.

Mai samun wuta wasu ranaku, wasu ranaku babu, wanda ke yin ƙasa da kilomita 40 a rana amma yana bulaguro jefi-jefi, ya duba Prius Prime, in ƙarin kuɗinta a kan Prius bai yi yawa ba.

Ƙanena gidan haya yake, layinsu ba Band A ba ne, kuma duk ƙarshen wata yana zuwa Katsina gaida mahaifiyarsa. Na ce masa ya bar Leaf ɗin ga mai rufin sola. Ranar Asabar za mu je ganin Camry ɗin, da na'urar bincike a aljihu, kuma yaron nan ɗan rewaya zai raka mu ya buɗe fankar batir kafin a fara maganar la'ada.